NVDA: Manhajar da Ke Karanta wa Makaho Shafin Gwamnati, da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Wata takwas ke nan ina amfani da manhajar NVDA kusan kullum a wurin aikina, wanda shi ne duba shafukan intanet na hukumomin gwamnati kafin a buɗe su ga jama'a. Ni mai gani ne, kuma ya dace in bayyana haka tun farko, domin abin da zan faɗa ba zai kai zurfin abin da makahon da ya dogara da manhajar wajen neman aiki ko biyan haraji zai faɗa ba. Sai dai na ɗora wa kaina sharaɗi guda wanda ban taɓa karyawa ba: duk shafin da aka kawo mini, sai na duhunta allon kwamfuta, na ture linzami gefe, na bi shi daga sama har ƙasa da kunne da madannai kaɗai. Manhajar tana da wani labule da ake saukarwa a kan allo don wannan, allon ya yi baƙi ƙirin alhali kwamfutar na ci gaba da aiki, kuma da shi nake hana idona taimaka mini.

NVDA manhajar karanta allo ce, wato tana ɗaukar abin da ke rubuce a kwamfuta ta mayar da shi magana, ko ta aika shi ga na'urar rubutun Braille wadda makaho ke shafawa da yatsu. Wani makaho ɗan Ostireliya mai suna Michael Curran ne ya fara rubuta ta a 2006, abokinsa James Teh, wanda shi ma makaho ne, ya shigo suka ci gaba tare, sannan a 2007 suka kafa ƙungiyar NV Access, wadda ba ta neman riba, domin ta riƙa kula da aikin. Ana sauke manhajar kyauta, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Kafin zuwanta, makahon da ke son yin aiki sosai a kan Windows kusan dole ne ya sayi manhaja irin JAWS, wadda ta fito a kan Windows a 1995 kuma har yau da kuɗi mai yawa ake samun ta. A ganina wannan bambanci yana da nauyi na musamman idan ana maganar gwamnati, domin hukumar da ta mayar da hidimarta kan intanet ba ta da hujjar cewa sai ɗan ƙasa ya sayi kaya mai tsada kafin ya karanta abin da haƙƙinsa ne ya sani.

Girka ta ba ya ɗaukar lokaci, kuma tana fara magana tun kafin a gama girkawar, ta yadda makaho zai iya yin komai da kansa ba tare da ya nemi mai gani ba. Ana iya kwafe ta a filas a je da ita kan wata kwamfutar a kunna ba tare da an girka komai ba, abin da ke da amfani ga wanda ke aiki da kwamfutar ɗakin karatu ko ta ofis.

Maganar murya ita ce ta fi saurin korar sabon mai amfani. A kan sababbin Windows manhajar tana ɗaukar muryoyin da ke cikin kwamfutar, waɗanda ke da daɗin ji gwargwado, sannan tana zuwa da wata murya tata mai suna eSpeak NG wadda ke da kaushi kamar ta inji. Kwanakin farko na guje wa wannan ta biyun, amma daga baya na gane dalilin da ya sa makafi da yawa da suka daɗe da kwamfuta suka fi son ta: ba ta nauyi, tana amsawa da zarar an taɓa maɓalli, kuma kalmominta ba sa cakuɗewa ko da an ƙara mata sauri har mai gani ya kasa fahimtar abin da take cewa. Wanda ke karanta takardun ofis masu shafi ɗari da kunne, sauri ya fi masa zaƙin murya amfani.

Inda manhajar ta fi nuna gwanintarta shi ne a cikin burauza, musamman Firefox da Chrome da Edge. Mai gani idan ya buɗe shafi, da kallo ɗaya yake gane ina kanu yake, ina jerin hidimomi, ina wurin bincike, sai idonsa ya tsallake abin da bai dame shi ba. NVDA tana ba makaho kwatankwacin wannan tsallake ta hanyar haruffa ɗaiɗai. Idan ya danna H sai ta kai shi kanu na gaba, lambobi 1 zuwa 6 kuma su kai shi kanu bisa matakinsa. K na kai shi mahaɗin da ke gaba, wato rubutun da ake dannawa a je wani shafi, F na kai shi gurbin cike fom, T jadawali, B maɓalli, D kuma manyan sassan shafi kamar wurin kewayawa da ainihin bayani. Idan ya haɗa maɓallin NVDA, wanda yawanci Insert ne ko Caps Lock, da F7, sai ta fito masa da jerin dukkan kanu ko dukkan mahaɗan shafin a wuri guda ya zaɓi inda zai sauka. A shafin da aka gina da kyau, nakan isa ga abin da nake nema cikin daƙiƙoƙi kaɗan, wani lokaci ma fiye da saurin da zan yi da ido.

Amma duk wannan yana aiki ne idan wanda ya gina shafin ya sanya wa kowane abu alamarsa ta gaskiya, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. Manhajar ba ta ganin allo yadda ido ke gani. Abin da take karantawa shi ne tsarin da ke ƙarƙashin shafin. Idan mai gini ya ɗauki rubutu ya ƙara masa girma da kauri don ya yi kama da kanu, amma bai rubuta a cikin tsarin cewa kanu ne ba, to idan na danna H sai ta ce babu wani kanu a gaba, dole in saurari shafin layi bayan layi, in ratsa sunayen sassa arba'in ko hamsin kafin in kai ga sanarwar da na zo nema. Idan aka sa hoton tambarin hukuma ko na taswira ba tare da rubutun bayani ba, sai ta ce hoto kawai ta wuce, ko ta karanto sunan fayil mai haruffa da lambobi marasa ma'ana. Idan mahaɗai goma a shafi duk an rubuta musu «danna nan», jerin da F7 ke fitarwa sai ya zama kalma ɗaya ana maimaitawa sau goma, babu yadda za a san wanne ne na fom ɗin fansho, wanne ne na sakamakon jarrabawa. A duk waɗannan wurare ban ga laifin NVDA ba, domin ta faɗi abin da aka ba ta ne daidai, ba ƙari ba ragi.

Fom shi ne zuciyar hulɗa da gwamnati, domin da shi ake neman fasfo, da rajistar haihuwa, da tallafi, da lasisi. NVDA tana da yanayi biyu: na karatu, inda haruffa ke aikin tsallake, da na rubutu, inda abin da aka danna ke shiga cikin gurbi. Tana sauyawa tsakaninsu da kanta idan an shiga gurbi, tana kuma yin ɗan sauti daban ga kowanne, kuma cikin mako guda kunnena ya saba da su har na daina lura. Wannan ɓangare an yi shi da hikima. Sai dai akwai wani fom na wata hukuma da aka kawo mini, mai gurbi goma sha tara, wanda a ido babu abin da za a kushe masa, amma da na bi shi da maɓallin Tab sai manhajar ta riƙa cewa gurbin rubutu, babu komai, sau goma sha tara, ba tare da ta ambaci suna ko ranar haihuwa ko adireshi ba. An rubuta sunan kowane gurbi a gefensa, amma ba a ɗaure rubutun da gurbin a cikin tsarin shafi ba. Da na cike shi da ka na aika, shafin ya ƙi karɓa, ya zana jan layi a kewayen gurbin da na yi kuskure, kuma ban san haka ba sai da na ɗaga labule na duba, domin jan launi ba ya magana. Kafin in gano wurin, lokacin da aka ɗibar wa mai cikewa ya ƙare, shafin ya fitar da ni ya share duk abin da na rubuta.

Na ji zafin wannan sosai, duk da cewa ni gwaji kawai nake yi. Mutumin da wannan fom ne kaɗai hanyarsa ta samun haƙƙinsa, abin da ya rage masa shi ne ya nemo wani ya karanta masa, ya faɗa masa lambar shaidarsa da ta asusun bankinsa da halin lafiyarsa. An tilasta masa ya buɗe sirrinsa ga wani saboda kuskuren da gyaransa bai wuce layuka kaɗan na rubutu ba.

Akwai wani abu a nan da na ɗauka kyakkyawan hali ne na NVDA, ko da yake wasu za su gan shi a matsayin rauni. JAWS idan ta tarar da gurbi mara suna takan yi hasashe ta karanta rubutun da ya fi kusa da shi, kuma sau da yawa takan dace, abin da ke sauƙaƙa wa mai amfani da ita. NVDA ba ta cika yin wannan hasashe ba. Ga makahon da ke son ya gama cike fom ya tashi, hasashen JAWS taimako ne; ga wanda ke duba shafi kafin a sake shi, shirun NVDA ya fi amfani, domin yana tona ɓarakar da wata manhajar za ta rufe. Haka kuma tana da wata taga da ke rubuta duk abin da ta furta a kan allo, kuma da wannan taga nake nuna wa masu gina shafi ainihin abin da makaho ke ji. Na lura cewa mai ginin da bai gamsu da rahoton shafi goma ba yakan yi shiru idan ya ga kalma ɗaya ta jeru sau goma sha tara.

Takardun PDF wata matsala ce mai zaman kanta. Hukumomi na son buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, sannan a ɗauki hotonta a ɗora a shafi. Irin wannan takarda hoto ce zalla, babu harafi ko ɗaya a cikinta da manhajar karatu za ta kama. NVDA tana da dabarar gane rubutu a cikin hoto, wadda ake kira da maɓallinta tare da R a kan Windows 10 da abin da ya biyo baya, kuma idan hoton ya fito sarai takan karanta mafi yawansa. Amma idan takardar ta karkace, ko hatimi ya hau kan rubutu, ko jadawali ne mai ginshiƙai da yawa, lambobi sukan rikice, kuma ranar rufe karɓar takardu ko adadin kuɗin haraji ba abin da za a bar wa hasashe ba ne. Wannan dabara ta ceto ce a lokacin da babu mafita, bai kamata wata hukuma ta dogara da ita ta ci gaba da ɗora hotuna ba.

Abin da nake auna shafukan da shi ba ra'ayina ba ne. Akwai ƙa'idojin gina shafi yadda masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shi, da ake kira WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara mizanin intanet ta fitar, na farko a 1999, sannan bugu na 2.0 a 2008, da 2.1 a 2018, da 2.2 a 2023, kuma suna da matakai uku, A da AA da AAA, inda na tsakiyar ne dokoki suka fi ɗauka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006, ta ambaci fasahar sadarwa da intanet a sashenta na 9. Amurka ta gyara sashe na 508 na wata dokarta kan masu buƙata ta musamman a 1998 domin ya wajabta wa hukumomin tarayya sauƙaƙa musu amfani da fasahar sadarwa, sannan a watan Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'arta ta wajabta wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi bin WCAG 2.1 a matakin AA. Tarayyar Turai ta kafa tata dokar ga shafukan hukumomi a 2016, Birtaniya kuma a 2018 ta wajabta wa kowace hukuma ta wallafa bayani a shafinta kan inda ta cika ƙa'ida da inda ta gaza. Duk da haka, binciken da cibiyar WebAIM ke yi kowace shekara a kan shafukan farko guda miliyan ɗaya yakan tarar da kurakurai a fiye da kashi 90 cikin 100 nasu, kuma waɗanda inji ke iya ganowa ne kawai. Injin da ke duba kurakuran shafi zai iya faɗa maka cewa hoto yana da rubutun bayani, amma ba zai faɗa maka cewa bayanin ba shi da ma'ana ba. Wannan sai an saurara, kuma a nan ne NVDA ke cike giɓin da waɗancan kayan suka bari.

Manhajar tana da nata raunin, kuma mafi girma shi ne a kan Windows kaɗai take aiki. Mutane da yawa a yau ta waya suke shiga shafin gwamnati, inda TalkBack ke karantawa a Android, VoiceOver kuma a iPhone, kuma shafin da ya wuce gwaji a NVDA yana iya tsayawa cik a waya saboda can da shafar allo ake kewayawa. Ba ta kuma cewa komai game da masu raunin gani waɗanda ke karatu da ido ta hanyar ƙara girman rubutu, alhali su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsalar gani, yayin da ƙiyasin 2020 ya sa makafi kimanin miliyan 43. Rubutu mai launin toka a kan fari, wanda bambancin haskensa da na bayansa bai kai 4.5 zuwa 1 da WCAG ta nema ba, NVDA za ta karanta shi lafiya lau, mai raunin gani kuwa ba zai gan shi ba.

Koyon ta ma yana buƙatar haƙuri. Umarninta suna da yawa, kuma ko da yake akwai yanayin taimako da ke faɗin aikin kowane maɓalli idan an danna shi, na ɗauki makonni kafin hannuna ya daina laluben hanya a cikin jadawali. A shafukan da aka cika wa kaya masu motsi takan yi jinkiri, wani lokaci ta rasa inda take idan shafi ya sauya wani ɓangarensa ba tare da sanarwa ba. Ƙananan ƙarin manhajoji da masu sa kai ke rubuta mata suna da amfani, kuma tun 2023 akwai wurin sauke su a cikin manhajar kanta, amma fitowar farko ta kowace shekara takan sa wasu daga cikinsu su daina aiki sai masu su sun sabunta, wanda ke iya tsayar da aikin wanda ya dogara da su. Sannan akwai batun harshe: manhajar tana sauya murya da kanta idan shafi ya bayyana harshen da aka rubuta shi da shi, amma idan bai bayyana ba, sai ta karanta Faransanci da lafazin Ingilishi har a kasa gane komai, kuma harsunan da ba a yi musu murya mai kyau ba suna shan wannan wahala ko da shafin ya yi komai daidai.

Ga makahon da ke da kwamfutar Windows, ina ba da shawarar NVDA ba tare da shakka ba, ko da yana da wata manhajar, domin abin da ɗaya ta kasa karantawa sau da yawa ɗayar takan iya. Ga ofishin da ke gina shafin gwamnati ko yake ba da kwangilar gina shi, ina ganin ya kamata ta kasance a kan kwamfutar duk wanda ke sa hannu a karɓi aiki, kuma kada a biya ɗan kwangila sai an cike fom ɗinsa daga farko har ƙarshe allo a duhunce. Sai dai gwajin mai gani irina share fage ne kawai, domin na riga na san kamannin shafin kafin in saukar da labule, kuma wannan sani yana yi mini jagora ko ban so ba. Wata ma'aikaciya makauniya da muka gayyata ta duba wani shafi da na riga na wanke, cikin minti biyar ta gano cewa tagar da ke buɗewa a tsakiyar allo ba ta barin mai madannai ya fita daga cikinta. Irin waɗannan masu gwaji a ɗauke su aiki ya kamata a yi, a biya su kamar kowane ƙwararre.

Fom ɗin nan mai gurbi goma sha tara an gyara shi a yini guda. An ɗaure kowane suna da gurbinsa, an sa saƙon kuskure ya fito da kalmomi ya kuma faɗi gurbin da ya shafa, an ƙara gargaɗi da maɓallin neman ƙarin lokaci kafin shafi ya rufe. Yanzu NVDA tana karanta shi tiryan-tiryan har gurbi na ƙarshe, inda har yau hoton murɗaɗɗun haruffa yake, wanda ake so mutum ya kwafa don ya tabbatar shi ba inji ba ne. An yi shi ne musamman don kada manhaja ta iya karanta shi, saboda haka NVDA ma ba ta iyawa, kuma ba a sa masa madadin sauti ko wata hanyar tantancewa ba. Na rubuta a rahotona cewa a cire shi a maye gurbinsa da lambar da ake aikawa ta waya ko ta imel, kuma ban sa hannu a kan buɗe shafin ba sai an yi hakan.